Karen da Ya Zo da Takardar Asali

Karyar gidanmu ba ta haushi. Uwarta ma ba ta yi, kakarta ma haka. Mahaifinmu ne ya fara kiwon irin, da ya rasu ya bar wa Yaya, wato wana, ni kuwa ya bar mini ƙafar yawo.

Ƙauyenmu yana arewa da Ɗanbatta, a ƙasar da gona take manne da gona kamar haƙora a baki. Ba mu da daji. Abin da muke kira daji shi ne gonar wani bayan ya yi girbi. Kowace bishiya da mai ita, in kuwa ka yi atishawa a gonarka sai an amsa maka daga gonaki uku. A irin wannan wuri ne muke da wata al'ada da ake kira rabon ido. In karenka ya kama nama, mai gonar da aka kama a ciki yana da cinya, sannan duk wanda ya iso kafin a sa wuƙa yana da ɗan abin da zai kai gida. Ba roƙo ba ne, hakki ne. Mutum zai zo ya ce, "Barka da arziki," ya gyara tsayuwa, ba zai ƙara cewa komai ba har sai an miƙa masa.

A shekarun ƙoshi ba wanda yake damuwa da wannan, har daɗi ake ji a raba. Amma da fari ya zauna mana, rumbuna suka koma wurin kwanan kaji, aka koma jar dawar agaji da ganyen tafasa, sai zomo guda ya zama abin da zai iya raba zumunci. A nan aka ga amfanin karya marar haushi. Da an idar da sallar asuba Yaya zai fita da ita. Ta kama zomo ko gafiya ko kurege, ta kawo ta ajiye a gabansa ba ko tari, ya yi bisimilla ya yanka, ya cusa cikin damin kara, ya ɗoro a ka ya shigo gari yana gaisawa da mutane kamar wanda ya je neman makamashi. Matan unguwa sun daɗe suna mamakin yadda karan gidanmu yake sa miya maiƙo.

Sai dai karyar ta tsufa. Furfura ta fito mata a baki, in ta tashi daga kwance sai ta yi miƙa sau biyu kafin ƙafafun baya su yarda. 'Ya'yanta mata kuwa duk sun mutu a waɗannan shekarun, ba ko ɗaya. In ta tafi ba ta bar 'ya ba, irin mahaifinmu ya ƙare, maiƙon miyarmu ma ya bi shi. Da ta nuna alamar neman barbara a ranin nan, Inna, mahaifiyarmu, ta dube ta ta ce, "Wannan shi ne na ƙarshe. Ku san wanda za ku kawo mata."

Karnukan garin kuwa a lokacin sun koma haƙarƙari da wutsiya. Yaya ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ido, bai ga wanda zai iya kama ko da ƙadangare ba.

A shekarar na dawo gida bayan na daɗe ina yawon duniya. Na yi fataucin goro a Kumasi, na yi yaron mota a birnin Lami, na zauna da Buzaye a Agadas, na bi ta Sudan na sauke farali. Abin da na dawo da shi akwatin ƙarfe ne guda, da rediyo marar batir, da kwat mai maɓalli uku, da harsuna biyar waɗanda ba ko ɗaya da ake iya dafawa a ci. Mutanen gari suka sa mini Tafinta. Ina da wani hali a lokacin, wanda har yanzu bai sake ni duka ba: ba a nuna mini abu ban ce na ga wanda ya fi shi a wani wuri ba. Da aka zo zancen kare sai na buɗe. Na ce karnukan Buzaye siririn ciki ne da su kamar zanzaro, suna cimma barewa a guje, kuma a cikin tanti suke kwana tare da yara. Na ce maharban kurmi ƙararrawa suke ɗaura wa nasu a wuya don su san inda suka shiga. Yaya yana gyaran ƙotar fartanya, ya bar ni na gama, ya ce, "To. A nan fa?"

A kasuwar Ɗanbatta na samo masa amsa. Wasu Turawan Amurka sun yi zango a bayan gari suna haƙa rijiyoyin burtsatse, da suka tashi sai ɗaya daga cikinsu ya bar karensa a hannun kukunsu, wani dattijo mutumin wajen Zakirai. Aka ce karen farauta ne, kuma yana da takarda.

Na san irin karnukan nan, ko in ce na san labarinsu. A Lami na taɓa yi wa wani Ba'amurke tafinta, mutum ƙato kamar rumbu, wanda in kewar gida ta kama shi sai ya sa faifai a garmaho, ba na kiɗa ba, na kukan karnukansa, ya zauna yana share hawaye. Ya ce a ƙasarsu akwai wata dabba kamar muzuru mai zobe-zobe a wutsiya, karnukan su bi sawunta da hanci har ta hau bishiya, su tsaya a gindi suna kiran mai su. Ya ce da murya ake gane kare na ƙwarai. Wannan magana ta zauna mini a kai a matsayin ilimi. Na daɗe a waje har na manta dalilin shirun karyarmu. Na ɗauka hali ne kawai, kamar yadda wani yake da ƙarancin magana.

Yaya ya ce abu uku zai gani kafin ya yarda: karen da kansa, da 'ya'yansa in yana da su, da yadda yake farauta.

Muka tarar da shi kwance a inuwar darbejiya a ƙofar gidan Kuku. Baƙi ne da ja-ja a ƙirji da ƙafafu, dogo, fatar fuskarsa ta yi masa yawa kamar rigar aro, idanunsa kamar na wanda aka yi wa rasuwa jiya. Kunnuwa kuwa har ƙasa.

"Waɗannan kunnuwa ne ko faifan rufe ƙwarya?" in ji Yaya.

"Da su yake sharo wari zuwa hanci," in ji Kuku. "Haka maigidana ya ce."

Yaya ya tsuguna. Ya buɗe bakin ya duba ganɗa, ya ga baƙa ce, ya gyaɗa kai. Ya matsa dagi ɗaya bayan ɗaya, ya auna ƙirji da taƙi, ya shafa gadon baya har wutsiya. Ya ce masa ya tashi, kare ya dube shi bai motsa ba.

"Ba ya jin Hausa," in ji Kuku.

Sai na yi masa magana da Turanci. Ya tashi. Na ce ya zauna, ya zauna. Ba zan ɓoye ba, a nan zuciyata ta gama yanke hukunci. Wata shida ina garin nan ban sami wanda zan yi Turanci da shi ba sai ranar.

"Yana haushi?" in ji Yaya.

"Tun da kuka zo ka ji ya yi?" in ji Kuku.

Sannan ya shiga ɗaki ya fito da takardar a cikin leda. Mai kauri ce, da hatimi, an jera sunan uban karen da uwarsa da kakanni har hawa huɗu. Na karanta ina fassarawa da ƙarfi don masu wucewa su ji. Yaya ya ce, "Ni da nake ɗan Adam ban wuce kakan kakana ba." A wani layi an rubuta cewa uban karen ya taɓa cin gasa saboda muryarsa. Na gani, na tsallake. Ban yi don ha'inci ba. Na ce a raina Yaya ba zai gane ba sai ya ji da kunnensa, in ya ji kuwa shi ma zai share hawaye kamar Ba'amurken Lami. Kusan hakan aka yi.

Da muka koma gida na ba Inna labarin takardar, sai ta ce, "Duk wanda ya zo neman aure da takardar asali a hannu, akwai abin da yake ɓoyewa."

'Ya'yan karen suna wani ƙauye a hanyar Zakirai, inda Kuku ya taɓa ba wani maharbi aronsa. Muka hau a-kori-kura muka je. Tun daga bakin gari da muka tambayi gidan mai karnuka masu kunne, mutane suka fara washe baki. Wani ya ajiye aikinsa ya raka mu. Wani ya ce, "Allah ya yi wa karnukan nan albarka." Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai ta ɗaga kai ta ce, "Ba su da rowa, 'ya'yan nan. Ba su da rowa ko kaɗan."

Maharbin kuwa wani ramamme ne, ya fi kowa rama a garin. Karnukan biyu ne, suna barci a rana tsaka, ƙirji da ƙafa duk na ubansu.

"Yaya hancinsu?" in ji Yaya.

"Hanci kam ba a magana. Abin da ya wuce jiya ma sai sun tono shi."

"Gudu fa?"

"Akwai."

"Kana samun nama ke nan."

Mutumin ya dubi maƙwabtansa da suka kewaye mu suna murmushi, ya ce, "Ana samu. Alhamdulillahi. Ana samu a garin." Da za mu tafi ya biyo mu har bakin hanya, ya rage murya ya ce in muna so mu tafi da duka biyun, ya ba mu duniya da lahira.

A mota na ce wa Yaya a ƙasashen da na je wannan shi ake kira shaida: gari guda ya yabi iri, mai shi kuma ga kyauta. Yaya yana kallon gonaki suna wucewa, ya ce, "Tun da nake ban taɓa jin maƙwabci ya yabi karen maƙwabcinsa ba."

Saura gwaji na uku. Kwanakin karya kuwa suna tafiya, ba sa jiran kowa. Muka karɓo karen daga wurin Kuku a kan sharaɗin da aka saba, mai namiji yana da ɗa guda in an haihu. Yaya ya ɗaure shi a bayan gida, ya kulle karyar a ɗakin awaki, ya ce ba mai haɗa su sai ya ga farautarsa gobe da safe. Da la'asar ya tafi ta'aziyya ƙauyen gaba.

Ni na kwance igiyar. Na faɗa sau da yawa a baki, bari in rubuta shi sau ɗaya. Na lissafa kwanakin karyar, na ga Yaya zai tsaya dogon bincike har lokaci ya wuce, ga kare da hatimi, ga shaidar gari guda. Ina buɗe ɗakin awaki sai na ji muryar Inna daga bakin murhu.

"Tafinta, me kake yi a nan?"

"Gaisawa kawai za su yi, Inna."

"To. Allah ya sa da Hausa za su gaisa."

Washegari da sassafe muka fita da shi, ni da Yaya. Muna wuce dangar ƙarshe ya sa hanci a ƙasa, kunnuwa suna jan ƙasa, wutsiya ta miƙe. Ya yi gabas, ya dawo, ya zaga wata kunya sau biyu. Yaya ya taɓa ni ya ce a hankali, "Yana da aiki." Daidai nan karen ya ɗaga kai sama ya buɗe baki.

Ba haushi ba ne. Na ji jiniyar jirgin ruwa a gaɓar Bahar Maliya, na ji ƙahon giwa da ake busa wa sarakunan Asante, to a haɗa su biyun a ja su kamar igiyar guga. Jakunan garin suka amsa. Tsuntsaye suka tashi daga gonaki huɗu. Yaya ya durƙushe kamar an harbe shi.

"Ka ce masa ya yi shiru!"

Na faɗa masa da Turanci. Na faɗa da Faransanci. Har Larabci na gwada. Ya ruga yana yi, muna binsa muna tsallake kunyoyi, bai tsaya ba sai a gindin wata tsohuwar tsamiya a gonar Kawu, ƙanen Inna. Ya ɗora ƙafafun gaba a jikin bishiyar, ya dubi sama, ya sauya murya zuwa gajeru-gajeru kamar mai buga ƙofa.

Kawu ne ya fara isowa, da takalmi ƙafa ɗaya. Kawu mutum ne da bai taɓa makara a rabon ido ba, ana cewa yana jin ƙarar zare wuƙa daga kube ko yana cikin rijiya.

"Barka da arziki, 'ya'yan nan!"

"Ba mu ga komai ba tukuna, Kawu."

"Za a gani."

Kafin Yaya ya gama hawa bishiyar na ƙirga mutum goma sha bakwai a ƙasa, har da wani makaho da aka jawo. Yaya ya zura hannu a wani kogo can sama, ya jawo damo. Ban taɓa ganin damo kamarsa ba, ya kai tsawon hannu da kafaɗa, ya yi kitse yana kwance yana jiran damina. Shekara da shekaru karnukan gidanmu suna wucewa ta gindin tsamiyar nan, ba wanda ya taɓa ɗaga kai. Na ga Yaya ya dubi kogon, ya dubi karen, ya ajiye wannan a ransa.

Aka yanka aka raba. Kawu ya ce nasa kashi biyu ne, na gona daban na ido daban, aka yi musu, ya ci. Ya cusa cinyar a aljihu ya yi gaba. Da aka watse, abin da ya rage a hannun Yaya wuya ne da fata.

Mun juya za mu koma gida ke nan, karen ya sake sa hanci a ƙasa. Kafin in cafko igiya ya ɓalle, jiniya ta sake tashi. Mutanen da suka watse suka juyo, wasu da naman farko a hannu. Wannan karon a gindin wani babban gawo ya tsaya, a gonar Mai unguwa. Mai unguwa da kansa ya iso yana haki, ya ce barka da arziki, muka ɗaga kai gaba ɗaya.

Kawu ne a sama. Ya hau yana kaɗo wa awakinsa 'ya'yan gawon da ba nasa ba, ga cinyar damo a aljihu, ita karen ya biyo.

Aka yi tsit, in ban da karen. Sai Yaya ya ce, "Barka da arziki, Kawu."

Mai unguwa ya gyara hula. Ya ce, "Malam, al'ada dai ba ni na kafa ta ba. Abin da kare ya kama a gonata, cinya tawa ce. Zaɓi wadda za ka jeho."

Kawu ya jeho ta damon.

A hanyar gida Yaya ya ce, "Hanci akwai, ƙirji akwai, kansa kuma yana kallon sama. Amma gobe ka mayar wa Kuku da mai shelarsa. Gara irin Baba ya ƙare da mutuncinsa." Muka shiga gida. Na tsaya ina neman harshen da zan faɗa masa abin da na yi jiya a cikin biyar ɗin da na iya, Inna ta hutar da ni.

"Ai sun riga sun gaisa," in ji ta.

Yaya bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi sauƙi. Daga ranar ya daina yi mini magana sai ta bakin Inna, ko da kuwa muna zaune a tabarma ɗaya. "Inna, ki ce wa Tafinta ya miƙo buta." Ni da na yi wa Turawa da Larabawa tafinta, sai ga ni a gidan ubana ana yi mini. Cikin karya ya yi nauyi ta daina fita, miya ta koma ruwa da ganye. Kullum in an kawo tuwo Yaya zai gutsuri rabin nawa ya kai mata. "Inna, ki gaya masa waliyyin ango shi ke ciyarwa."

Bayan wata biyu ta haifi biyar. Duka da kunnuwa. Inna ta leƙa ta ce, "Takarda ta yi aiki." Kuku ya zo ya zaɓi babban namiji ya tafi da shi, saura huɗu, maza uku da wata 'yar ƙaramar mace mai kunne ɗaya a naɗe. Karyar ta shayar da su har ta yaye su, ta rame ta zama kamar tsumma, ana saura kwanaki ruwan farko ya sauka ta kwanta a ɗakin awaki ba ta tashi ba. Yadda ta rayu haka ta mutu, ba wanda ya ji. Yaya ya ɗauke ta da kansa ya binne a iyakar gonarmu. Ranar bai ci tuwo ba, ni ma na kasa cin rabin da aka daina gutsura.

Yanzu ba sauran gyara. Abin da ke cikin 'yan kwikwiyon nan huɗu shi ne abin da ya rage.

Yaya ya jira har suka yi ƙwari. Wata ranar kasuwar Ɗanbatta, da gari ya kwashe ya tafi, ya tsaya a kaina ya ce, "Ɗauko biyu." Wannan ce maganar farko da ya yi mini kai tsaye. Shi ma ya ɗauki biyu, muka tafi can busasshen rafi inda gonaki suka ɗan ja baya. Ashe fatar damon nan ya adana. Ya jiƙa ta, ya ja ta a ƙasa da igiya, ya zaga da ita, ya rataye a reshen wata kanya. Muka riƙa sakinsu ɗaya ɗaya.

Na farko ya sa hanci, ya bi sawu tiryan-tiryan, ya ɗaga kai ya saki 'yar jiniya siririya, ta ubansa sak sai dai ba ta nuna ba. Yaya ya rufe ido. Na biyu ya fi na farko. Na uku tun kafin a sauke shi daga hannu ya fara.

Saura 'yar macen. Ta sa hanci, ta bi, ta ɓace sawu a wani wuri ta dawo ta kama, ta isa gindin kanya. Ta ɗora ƙafafun gaba a jikin bishiyar, ta dubi fatar a sama. Ta waiwayo ta dubi Yaya. Ta kaɗa wutsiya.

Muka jira. Ta sake duban sama, ta sake dubansa, kamar tana cewa ga shi nan, me kuma kake so. Can Yaya ya ce, "Tafinta, tambaye ta da Turanci ko tana da abin cewa."

Na tambaye ta. Ba ta da shi.

Yaya ya ɗauke ta ya sa a cikin riga, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kare ba. Na ce mazan ukun mu sayar wa Fulani masu wucewa su tafi da su nesa. Ya ce a'a. Ya ce Liman ya sha faɗa ba kyau cin kuɗin kare, don haka kyauta za a bayar, kuma na gida ake fara ba kyauta. Ya ce in sa kwat ɗina, in karɓo aron takardar nan daga wurin Kuku.

A zauren Kawu muka fara. Na tsaya da kwat mai maɓalli uku na karanto kakanni hawa huɗu, na sake tsallake layin nan, wannan karon da izinin Yaya. Kawu yana riƙe da haushin gawo, amma yana riƙe da wani abu kuma.

"Karen da ya gano ni a saman gawo," in ji shi, "ba abin da zai ɓace masa a ƙasar nan. Amma bakin fa, ɗan nan?"

"Kawu, nonon wa suka sha?"

Kawu ya yi tunani. Kowa ya san hali a nono ake tsotsa, kowa kuma ya san karyar gidanmu. Ya gyaɗa kai, ya miƙo hannu biyu. Yaya bai yi ƙarya ba, tambaya ya yi. Na biyu aka kai wa Sarkin Baka, shugaban maharban garin, na uku aka ba wani maharbi da bai taɓa fashin zuwa rabon ido ba shi ma. Sai daga baya na lura da yadda Yaya ya zaɓe su: ɗaya gonakinsa gabas, ɗaya yamma, ɗaya kudu. Arewa ya bar wa kansa.

Da rani ya zagayo, ruwa bai yi wani abin kirki ba a daminar, yunwa tana nan inda take. Yaya zai fita da asuba da 'yar mai naɗaɗɗen kunne, ta bi ƙasa kamar uwarta, ta dubi sama kamar ubanta, ya dawo da damin kara a ka. Sai ya ajiye, ya wanke hannu, ya fito ya zauna a dakalin ƙofar gida da takalmansa a ƙafa. Ba a daɗewa za a ji jiniya ta tashi daga wani gefen gari. Ya karkata kunne.

"Na Kawu ne. Bai kai bishiya ba tukuna, bari ya sauya murya." In ta koma gajeru-gajeru sai ya miƙe. "Tashi mu je, Tafinta. Kai ma kana da ido."

Kawu ya gwada ɗaure wa nasa baki da tsumma, sai kukan ya riƙa fita ta hanci kamar algaita, aka fi jin sa ma daga nesa. Ya jawo shi har ƙofar gidanmu ya ce ya dawo da shi. Yaya ya dafe ƙirji ya ce, "Ni in karɓe kyautar da na ba kawuna? Me za a ce da Inna a garin nan?" Inna daga ciki ta ce, "Kar ka kunyata ni, ɗan nan." Kawu ya koma da karensa.

Takardar ba ta koma wurin Kuku ba, ya ce in riƙe tun da ni kaɗai nake iya karanta ta. Tana nan cikin akwatin ƙarfena. Ranar da 'yar mai naɗaɗɗen kunne ta yi haihuwar fari, Yaya ya ce in ɗauko. Ya juya ta sama da ƙasa, ya nuna wani fili a ƙarƙashin hatimin, ya ce duk wannan dogon bayani na dangin uba ne, ba a ce komai a kan uwa ba. Na ɗauko alƙalami na tambaye shi me zan rubuta, kuma da wane harshe.

"Da Hausa," in ji shi. "Rubuta: ba ta magana."